AMANAR 'YA'YANMU A FILIN WASA

Jawabin da aka gabatar a babban taron shekara-shekara na ƙungiya, a garin Ƙaura Namoda

 



Gabatarwa

Da kwamitin shirya taro ya nemi mu yi magana a kan matasa da wasanni, mun san abin da ake sa ran ji daga bakinmu, wato a gyara fili, a sa kofi, a ɗinka riguna, a tallafa wa kulob-kulob na unguwanni. Duk waɗannan ayyuka ne na alheri, ba mu da ja a kansu. To amma mun roƙi arziki a bar mu mu taɓo wani gefe na maganar da ba a cika son ji a bainar jama'a ba, wato abin da kan sami yaro a hannun babban da aka damƙa wa amanarsa da sunan wasa. Muna neman gafarar iyayenmu da malamanmu tun daga farko, domin akwai kalmomin da tarbiyyarmu ba ta saba furta su a taro ba. Sai dai kuma wanda ya ɓoye ciwonsa ga mai magani, kansa ya cuta.

Dalilin da ya sa muka ga maganar ta zama tilas a yanzu shi ne halin da ƙasarmu ta shiga. Kowa a nan ya san yadda rashin tsaro ya watsa ƙauyukan Zurmi da Shinkafi da na kewayen Ƙaura. Bayan sace 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a watan Fabrairu na 2021, iyaye da yawa sun tattara 'ya'yansu sun tura birane wurin dangi. Da wuya a sami ɗaya daga cikinku da ba ya riƙe da ɗan ƙane ko ɗan ƙanwa a gidansa. Ku kuna wurin aiki ko kasuwa daga safe har dare, yaron kuwa da la'asar ya ɗauki takalminsa ya ce ya tafi filin ƙwallo. Tambayar da muke so kowa ya yi wa kansa ita ce: wane ne yake tare da shi a can, kuma wa ke duba wannan mutumin?

Wasa jiya da wasa yau

Mu da muka tashi a shekarun 1960 da 1970, wasanmu a sarari yake. Langa a dandali ake yin ta da farin wata. Kokawa da kaka ake yi, bayan an kawar da amfanin gona, gari guda na kallo. Dambe kuwa, wanda ƙasar Zamfara ta yi suna da shi, ga kalangu ga 'yan kallo, har makaɗa irin su Ɗan Anace suka ɗaukaka sunan Shago a duk ƙasar Hausa. Akwai rauni a waɗannan wasanni, akwai kuma ganganci, amma duk abin da aka yi wa yaro a gaban jama'a aka yi shi, kuma da an tashi gidan ubansa zai kwana.

Da makarantun boko suka yawaita, musamman bayan shirin ilimin firamare kyauta na 1976, sai wasa ya shiga hannun malamin wasanni, aka fara gasar gidaje da ta makarantu, ana ɗibar yara a mota zuwa Gusau ko Sakkwato. Daga nan kuma sai ƙwallo ta zama hanyar arziki. Tun da 'yan wasan Nijeriya suka ɗauko kofin duniya na yara matasa a ƙasar Sin a 1985, suka kuma maimaita a 1993 da 2007 da 2013 da 2015, kowane yaro ya fara mafarki. Da Ahmed Musa ya tashi daga Kano Pillars zuwa ƙasar Holan a 2010, yaran Arewa suka tabbata cewa mafarkin ba na 'yan Kudu kaɗai ba ne.

A yau duk wanda ya mallaki ƙwallo biyu da usur yana iya tara yara talatin a bayan wata makaranta, ya kira kansa koci, ya kira taron nasa akadami. Mafi yawan waɗannan bayin Allah mutanen kirki ne, da aljihunsu suke hidima, kuma sun tsamo yara da yawa daga shaye-shaye da zaman banza. Allah Ya saka masu da alheri. To amma a duba wannan. Mu sai da muka yi shekara biyar a kwalejin horon malamai kafin a ba mu aji, kuma duk da haka ga hedimasta a kanmu, ga sufeto na zuwa ba sanarwa. Koci kuwa babu mai tambayarsa takarda, babu sufeto a kansa, alhali shi ke zaɓen wanda zai buga da wanda zai zauna a benci, shi ke cewa wane za a kai gwaji, wane za a nuna wa dillalin 'yan wasa. Mutum ɗaya ya riƙe mabuɗin burin yaro, kuma babu ido a kansa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Mene ne cin zarafi a wasa?

Kwamitin wasannin Olamfik na duniya, a matsayar da masanansa suka fitar a 2016, ya kasa wannan matsala gida biyar. Bari mu kawo su da misalan da muka sani.

Na farko, cin zarafi ta hanyar magana da wulaƙanci: zagin uwa da uba, yi wa yaro gori da talaucin gidansu ko da ƙauyancinsa, ware shi daga 'yan'uwansa. Yaranmu da suka gudo daga ƙauye sun fi kowa shan wannan, har akan kira su da sunan waɗanda suka kore su daga gidajensu.

Na biyu, cutar da jiki: mari da shuri da bulala, tsallen kwaɗo cikin rana har yaro ya faɗi, tilasta masa buga wasa da targaɗe, ko ba shi ƙwaya irin su tiramol don ya manta da ciwo. Mu malaman da mun riƙe bulala, ba mu musu, amma shekaru sun koya mana cewa yaron da ya saba da duka daga hannun babba, shiru zai yi in babban ya zo masa da abin da ya fi duka.

Na uku, tsangwama ta hanyar batsa: maganganun banza, wasan hannu, leƙen yara a wurin canja kaya, tura masu hotuna ko saƙonnin da ba su dace ba ta waya.

Na huɗu, lalata da yaro ko yarinya, ko da ƙarfi ko da yaudara ko da alkawarin ba da gurbi a cikin tawaga. A nan babu zancen wai yaro ya yarda, domin wanda aka riƙe wa makoma ba shi da zaɓi.

Na biyar, sakaci: a kai yara gasa a bar su da yunwa, su kwana a tasha ko a aji babu babba, a sa su gudu cikin zafin Afrilu babu ruwa, ko yaro ya bugu a ka a ce ya tashi ya ci gaba.

Muna iya ƙara guda biyu da suka zama ruwan dare a wurinmu. Ɗaya shi ne rage wa yaro shekaru a takarda, wanda koya masa ƙarya ne tun yana ƙarami, ga shi kuma tun 2009 hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, ke amfani da na'urar ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu a gasar 'yan ƙasa da 17, asiri na tonuwa. Ɗayan kuma shi ne damfarar dillalan bogi masu karɓar kuɗin gona da na shanu da sunan kai yaro Turai.

Abin da ya faru a wasu ƙasashe

Hausawa na cewa in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A Amurka, wani likitan tawagar 'yan mata masu wasan alkafura, Larry Nassar, ya shafe shekaru yana lalata da yara da sunan duba lafiyarsu. Tun 1997 wasu 'yan mata suka fara kai kuka, ba a saurare su ba. Sai a watan Janairu na 2018 kotu ta yanke masa ɗaurin shekara 40 zuwa 175, bayan mata fiye da 150 sun tsaya a gaban alƙali sun faɗi abin da ya yi masu.

A Ingila, a watan Nuwamba na 2016, wani tsohon ɗan wasa mai suna Andy Woodward ya fito ya bayyana abin da kocinsa Barry Bennell ya yi masa yana yaro. Ya haura shekara 40 kafin bakinsa ya iya buɗewa. Da ya yi magana sai ɗaruruwa suka biyo baya. An ɗaure Bennell shekara 30 a 2018, kuma rahoton binciken da aka fitar a watan Maris na 2021 ya ambaci aƙalla mutum 692 da aka cutar da su a harkar ƙwallon ƙasar tsakanin 1970 da 2005. A lura, waɗannan yara maza ne. Masu ganin cewa 'ya mace kaɗai ake tsarewa, su sake tunani.

Kada kuma a ce wannan halin Turawa ne. A ƙasar Mali, ƙasar Musulmi maƙwabciyar Nijar, ƙungiyar kare haƙƙin ɗan'adam ta Human Rights Watch ta fallasa a watan Yuni na 2021 yadda kocin tawagar 'yan mata ta ƙwallon kwando ke neman su da lalata kafin ya ba su gurbi. An kama shi a watan Yuli, kuma binciken da hukumar ƙwallon kwando ta duniya ta sa aka yi ya tabbatar cewa an daɗe ana rufa-rufa a hukumar wasan ta ƙasar. Abin takaici, yarinyar da ta fara yin magana ita aka cire daga tawagar da ta tafi gasar duniya a wannan shekara. A Gabon ma, a watan Disamba na 2021 aka fallasa tsohon kocin tawagar yara maza 'yan ƙasa da 17, kuma a 2025 FIFA ta haramta masa shiga harkar ƙwallo har ƙarshen rayuwarsa. Game da dillalai kuwa, a 2015 gidan rediyon BBC ya gano yara 23 'yan Afirka ta Yamma da aka kwashe zuwa ƙasar Lawos da sunan akadami, suna kwana a ƙasa a cikin filin wasa.

Duk waɗannan labarai zare ɗaya ya ɗinke su. Mai laifin sananne ne, ana ganin girmansa. Yaran sun yi magana ko sun nuna alama. Manyan da suka ji kuwa sun zaɓi kare sunan ƙungiya a kan kare yaro.

Mu ma ba mu tsira ba

Wani zai ce mu a nan muna da addini da kunya, kuma jiharmu ce ta fara ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 1999. Gaskiya ne, kuma muna alfahari da haka. Amma binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2014 tare da asusun UNICEF ya nuna cewa a Nijeriya yara 6 cikin 10 na fuskantar wani nau'in cin zarafi kafin su kai shekara 18, yarinya 1 cikin 4 da yaro 1 cikin 10 kuma ta hanyar lalata, sannan waɗanda ke samun taimako ba su kai 5 cikin 100 ba. Kuma ba mu manta da watan Satumba na 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gidan horo a Rigasa ta Kaduna, wasu da mari a ƙafa, da yawansu yara. Iyayensu da hannunsu suka kai su, da kyakkyawar niyya. Abin da ya ɓata wurin shi ne an rufe ƙofa, an bar mutum da yara babu mai leƙawa.

A nan ya zama wajibi mu faɗi namu laifin, ko da zai yi mana nauyi. A shekarun da muke shugabancin wata makarantar firamare, muna da wani malamin wasanni mai ƙwazo ƙwarai, wanda ya ciyo mana kofi har sau biyu. Yakan tsayar da wasu yara bayan an tashi, ya ce ƙarin horo zai ba su, yakan kuma saya masu takalma da kuɗinsa. Muka yaba masa a gaban malamai. Wata rana mahaifiyar wani yaro ta aiko cewa ɗanta ya ƙi zuwa makaranta, ya daina cin abinci, in an ambaci ƙwallo sai ya fashe da kuka. Da muka zauna da yaron, ya faɗi abin da ya faɗi. Me muka yi? Muka kira dattawa biyu, aka yi wa malamin faɗa, ya yi rantsuwa, aka roƙi uban yaron ya rufa asiri saboda Allah, mu kuma muka nemi a yi wa malamin canjin wurin aiki. Muka ɗauka mun kashe wuta. Bayan 'yan shekaru labari ya iso mana cewa ya maimaita a inda aka kai shi. Yaron namu kuwa bai ƙara taka makaranta ba. Mun yi ritaya da takardun yabo, amma wannan abu yana nan a wuyanmu, muna neman gafarar Allah a kansa kullum. Asirin da muka rufa na mai laifi ne, kuma yaran wani gari ne suka biya kuɗinsa. Mun faɗi wannan ne domin kada wani daga cikinku ya bi sawunmu.

Yadda maci amana ke shigowa

Irin wannan mutum ba da tsoratarwa yake farawa ba, da alheri yake farawa. Yakan zaɓi yaron da ba shi da gata, maraya ko ɗan riƙo ko wanda iyayensa ke nesa. Sai kyauta ta biyo baya, riga ko takalmi ko kuɗin kati. Sai ya shiga jikin mutanen gida, ya zama kamar ɗan'uwa. Sai ya fara ware yaron: zo ka taya ni wanki, zo mu kalli wasa a ɗakina, bari in murza maka ƙafa. Sai sirri: kada ka gaya wa kowa, za su yi maka hassada. In abin ya auku, sai barazana: in ka faɗa ba mai yarda da kai, kuma ka bar ƙwallo ke nan.

Alamomin da ya kamata mai riƙon yaro ya lura da su sun haɗa da ƙin zuwa filin da a da yake ɗoki, kuɗi ko kayan da ba a san tushensu ba, ɓoye waya, firgita cikin barci, fitsarin kwance bayan ya daina, saurin fushi, faɗuwar ƙoƙari a makaranta, da ciwo ko wahalar zama da tafiya. Alama ɗaya ba hujja ba ce, amma dalili ce na a zauna da yaro a tambaye shi cikin lumana.

Rigakafi

Rigakafi ya fi magani. FIFA ta fitar da tsarinta na kare yara a 2019, kuma akwai darussansa kyauta a intanet ga duk mai horarwa da ke so. Abin da ke ciki bai fi ƙarfinmu ba, kuma ga shi a taƙaice yadda ya dace da mu.

Kada babba ɗaya ya keɓe da yaro ɗaya, ko a ɗaki ko a mota ko a wurin canja kaya. Kowane horo a yi shi a fili, da manya biyu aƙalla. Kada yaro ya kwana a gidan koci ko a ɗakinsa, komai dalili. In za a yi tafiya, a sami izinin iyaye a rubuce, a san masauki, kuma uba ɗaya ko biyu su bi tawagar. 'Yan mata kuwa, ko a makarantun kwana ko a gasar guje-guje, mace ce za ta kula da su. Saƙon waya ya bi ta hannun iyaye ko ta zauren da kowa ke gani. Kyauta a ba tawaga duka a gaban jama'a. Kafin a ba mutum yara, a tambayi inda ya fito da dalilin barinsa can, a kuma sami mutum biyu sanannu da za su tsaya masa.

Ku kuma iyaye da masu riƙo, ku taka zuwa filin ko da sau ɗaya a wata, ku gaisa da kocin, ya san cewa yaron nan yana da mai shi. Ku koya wa yaro tun yana ƙarami cewa al'aurarsa tasa ce, babu malami ko koci ko ɗan'uwa da ke da ikon taɓa ta, kuma duk babban da ya ce a ɓoye wa iyaye wani abu, to wannan abin ne ya fi cancanta a faɗa. Game da masu alkawarin Turai, ku sani dokar FIFA ta hana a ɗauki yaron da bai kai shekara 18 ba zuwa kulob na wata ƙasa, in ban da wasu 'yan sharuɗɗa ƙalilan. Duk wanda ya ce ku sayar da gona zai fitar da ɗan shekara 15, ku riƙe gonarku.

Waɗannan ƙa'idoji kariya ce ga kocin kirki ma, domin wanda bai taɓa keɓewa da yaro ba, babu mai iya yi masa sharri. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

In abin ya faru, me za a yi?

Da farko, a saurari yaro har ya gama. Kada a daka masa tsawa, kada a tambaye shi me ya kai shi, kada a nuna masa ba a yarda ba. A gaya masa ya kyauta da ya faɗa, kuma laifin ba nasa ba ne. Kada a yi masa alkawarin ɓoyewa, a ce masa za a gaya wa waɗanda za su taimaka kawai.

Na biyu, a raba shi da wanda ake zargi nan take, a kuma tuna cewa akwai sauran yara a hannun mutumin.

Na uku, a garzaya asibiti. Maganin da ke hana kamuwa da cuta mai karya garkuwar jiki sai an fara shi cikin awa 72 yake aiki. In da hali kada a yi wa yaron wanka ko a wanke tufafinsa kafin likita ya duba, kada kuma a goge saƙonnin waya, domin su ne shaida. An kafa cibiyoyi na musamman don irin wannan: cibiyar Nana Khadija a Sakkwato, Waraka a Kano, Salama a Kaduna, Mirabel a Legas. A gida kuwa a nufi babban asibiti mafi kusa, a nemi rahoton likita a rubuce.

Na huɗu, a rubuta abin da yaron ya faɗa da kalmominsa, da rana da lokaci da wuri. Kada a yi ta sa shi maimaitawa a gaban duk wanda ya shigo.

Na biyar, a kai magana ga hukuma: 'yan sanda, ko sashen jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma, ko ma'aikatar harkokin mata, ko Hisba, ko hukumar NAPTIP, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa. In ƙofa ɗaya ta ƙi buɗewa a buga ta gaba. A kuma sanar da hukumar wasan ta jiha a rubuce, domin kada mutumin ya koma wani gari ya sake tara yara. Doka tana nan: akwai dokar haƙƙin yara ta tarayya ta 2003, da dokar hana cin zarafin jama'a ta 2015, da rajistar masu laifin lalata da aka buɗe a 2019, kuma Jihar Zamfara ta sa hannu a kan tata dokar kare yara a 2022.

Abubuwa uku ne ba za a yi ba. Ba a karɓar kuɗi a yi sulhu a zaure. Ba a ɗaukar doka a hannu. Ba a kuma sa sunan yaro ko hotonsa a Facebook ko WhatsApp, domin wannan cuta ce ta biyu.

Mun san abin da ke ɗaure bakin mutanenmu: kunya, da tsoron kada yarinya ta rasa miji, da tsoron faɗawa cikin ƙazafi. Wannan tsoro yana da tushe, domin mutuncin Musulmi ba abin wasa ba ne, kuma wanda ake zargi yana da haƙƙin a bincika kafin a hukunta shi. Amma kai magana a asirce ga likita da hukuma domin a bincika daban ne, yaɗa ta a majalisa da bakin kasuwa daban ne. Malamanmu na nan zaune, sun fi mu sani, kuma muna roƙonsu da girman Allah su warware wa jama'a wannan a wuraren karatu da huɗubobin Juma'a.

Shawarwari ga ƙungiya

Mai girma shugaba, muna gabatar da shawarwari biyar. Ɗaya, daga bana duk kulob ko makarantar da za ta karɓi kofi ko riguna ko kuɗi daga wannan ƙungiya, sai ta sa hannu a kan ƙa'idojin da muka lissafa, a rubuce da Hausa, a karanta su a gaban iyaye. Biyu, kowane reshe ya naɗa mutum biyu masu riƙon sirri, namiji da mace, waɗanda yaro ko mai riƙonsa zai iya tunkara. Uku, a ware wani kaso daga asusun ƙungiya don kuɗin asibiti da na mota da na lauya, domin talauci ne ke sa uba ya karɓi sulhu. Huɗu, likitoci da lauyoyi da jami'an tsaro da ke cikinmu su ba da sunayensu ga sakatare don a san wanda za a kira. Biyar, a rubuta wa ma'aikatar wasanni da hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha a nemi a yi rajistar duk masu horar da yara. A watan Satumba na 2022 aka zaɓi ɗan wannan jiha, Alhaji Ibrahim Musa Gusau, shugaban hukumar ƙwallon ƙafa ta Nijeriya, saboda haka bai kamata a ce Zamfara ce a baya a wannan fage ba.

Kammalawa

Jama'a, ba mu zo nan don mu hana yara wasa ba. Yaron da ƙauyensu ya watse, filin ƙwallo na daga cikin 'yan wuraren da suka rage masa na dariya, kuma muna so a ƙara filaye a Ƙaura da Shinkafi da Zurmi. Abin da muke roƙo shi ne a bar ƙofa a buɗe, a sa ido, kuma in yaro ya yi magana a saurare shi. Ɗa na kowa ne, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Waɗanda suka turo maku 'ya'yansu daga gida sun yi haka ne don sun amince da ku, kuma za a tambaye mu wannan amana ranar da babu rufa-rufa.

Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa namu ne, a yafe mana. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya kare su daga sharrin na nesa da na kusa, Ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasar Zamfara da Nijeriya baki ɗaya, Ya mai da kowa gidansa lafiya.